Atamfar Juma'ar Inna Asama'u

Duk faɗin Kukar Malam, in aka zo maganar mace mai kunya, sunan mahaifiyata ake fara kira: Inna Asama'u mai ƙuli. Da ita ake yi wa amare misali, da ita ake yi wa matan zamani gori. Ni kuwa autarta, Ummu Salma, duk ranar da na ji wannan yabo sai raina ya ɓaci, don na san abin da yabon ya ci mata, kuma na san da hannuna a ciki.

Daga wani ƙauye na wajen Watari aka auro ta, aka kawo ta gidan Baba Muhammadu Sani, manomin gero da gyaɗa. Garinmu ba shi da nisa da Ɗanbatta, kuma gari ne da ƙasa ta yi wa mutane kaɗan. Gona tana jikin gona, katanga tana jikin katanga. In aka yi atishawa a gidanmu, daga gidan maƙwabta ake amsawa. A irin wannan wuri ba abin da mace za ta yi a ɓoye, har kallon da ta yi wa ɗanta sai an lura.

Gyaɗa ce sana'arta tun tana amarya. Ta soya, ta kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuli, ta jefa a kasko. Ranar kasuwar Ɗanbatta tun da hantsi ake zuwa kwasa. Hannunta bai taɓa rabuwa da maiƙo ba. Tana da wani zani na aiki, asalinsa shuɗi ne, amma mai da hayaƙi sun mayar da shi wani launi da ba shi da suna. Mun sha ɓoye shi, ta sha nemo abinta. Bayan Baba ya rasu, da kaskon nan ta riƙe gida, da shi na gama makarantar horon malamai har na fara koyarwa a firamaren garinmu.

Mu shida ta haifa. Babbanmu shi ne Yaya Hashimu.

Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Amma yawancin mata in shekaru suka ja sai su sassauta, su riƙa hira da ɗansu ko da a fakaice. Inna ba ta sassauta ba. Ranar da aka yaye shi, Gwaggo Larai, yayar Baba, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya shi ta zagaya da shi gidanta da ke jikin namu. A can ya tashi. Mahaifiyar da ta haife shi kuwa Adda yake ce mata, kamar wata babbar yaya. Ita kuma in dole ta sa ta ambace shi, sai ta ce "na gidan can".

Kada wani ya ɗauka ba ta son sa. A katangar da ta raba gidajen biyu akwai wani gurbi da damina ta taɓa ci. Duk ranar suya, ƙulin da ya fara fitowa daga kasko, mai zafi, sai ta zuba a kwano ta rufe ta ajiye a gurbin nan. In mun tambaya ta ce na Gwaggo ne. Gwaggo da haƙoranta ba su kai goma ba, wai ita ce za ta ci ƙuli. Mu yara mukan yi dariya, Inna ta haɗe rai ta kore mu. Kafin magariba kwanon ya dawo gurbinsa a wanke.

Yaya Hashimu ya koyi ɗinki a Kano, ya ƙware. Yana da shekara talatin da ɗaya ya tafi Umara, daga nan ya zarce Jidda ya samu shagon da yake ɗinki. Ranar da zai tafi ya shigo gidanmu da safe, ya tsuguna a bakin madafa.

"Adda, zan tafi."

Inna tana juya ƙuli, ta ba shi baya. "Allah ya kiyaye hanya," in ji ta, ba ta waiwayo ba.

Ya ɗan jima a tsugune, sannan ya tashi. Duk gidan muka raka shi bakin titi ban da ita. Da muka dawo muka tarar da hayaƙi ya cika tsakar gida, kasko guda ya ƙone ƙurmus, tana tsaye a kansa da matsami a hannu. Ban taɓa ganin ƙulin Inna ya ƙone ba sai ranar.

Takardunsa suka ƙare a can. In ya fito ba zai iya komawa ba, don haka ya zauna, shekara tana bin shekara, kullum sai ya ce baɗi. Yakan kira a waya. Gwaggo ta karɓe ta yi ta surutu har kati ya ƙare. In na kawo wa Inna wayar kuwa, a take take tuna cewa akuya ba ta sha ruwa ba. Na yi fushi, na yi magiya, na ce, "Inna, sallama kawai za ki amsa." Sai ta ce, "Ke ba ki da ta ido." Shi ke nan an rufe magana.

Shekara biyar da tafiyarsa, Kamilu mai shagon cajin waya na kusa da masallaci ya kafa sola, ya sayo na'urar wayifai ya ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a saman shagonsa. Da yake gidajenmu a cunkushe suke, na'urar ɗaya ta ishi gida biyar, har da namu da na Gwaggo. Da Yaya Hashimu ya ji labari, ya sa Kamilu ya je Kano ya sayo talabijin biyu iri ɗaya sak, kowanne da ɗan solarsa da batir. Ɗaya na ɗakin Gwaggo, ɗaya na ɗakin Inna.

Ni ce mai kwamfuta a gidan, irin ta ɗauka a jaka, da nake aikin makaranta da ita. Kamilu ya nuna mini yadda ake yi. In kwamfuta da talabijin suna kan wayifai ɗaya, akwai wurin da za ka danna, sai sunayen duk talabijin ɗin da ke kunne a kan layin su jeru. Ka zaɓi ɗaya, duk abin da ke fuskar kwamfutar, da hoto da murya, ya koma can. Kamarar dai tana jikin kwamfuta. Wanda ya zauna a gabanta shi ake gani daga can. Talabijin ba shi da ido, nunawa kawai yake yi. Sunayen kuma ba sunaye ba ne na kirki, tarin haruffa ne da lambobi. Na Gwaggo da na Inna, da yake tagwaye ne, lambar ƙarshe ce kawai ta bambanta su: na Gwaggo huɗu, na Inna bakwai.

Da za a haɗa, na ce wa Yaya Hashimu na Gwaggo kawai za a sa a kan wayifai, tunda na Inna yana da tauraron ɗan'adam da take kallon wa'azi da shi.

Ya ce, "Ummu, na ɗakin Adda ma a haɗa shi."

"Yaya, don me? Ka san ba za ta kalla ba."

"A haɗa dai," in ji shi.

Aka haɗa. Ban sake tunanin maganar ba.

Daga nan Juma'a ta zama ranarmu, don ita ce ranar hutunsa. Bayan la'asar sai in ɗauki kwamfuta in zagaya gidan Gwaggo, in ɗora ta a kan kujera tana fuskantar gadonta, in kira shi, in tura hoton kan talabijin saboda idon Gwaggo ya yi rauni. Sai ga Yaya Hashimu ƙato a bango, ya tara gemu, ya yi fari. Yayyena mata su zo da 'ya'yansu, maƙwabta su leƙo, ɗaki ya cika. Gwaggo ta yi ta faɗa wai ya rame, alhali har tumbi ya ajiye. Inna ba ta taɓa zuwa ba, kuma ba wanda ya taɓa sa ran zuwanta. Tana ɗakinta, ta kunna wa'azinta, tana ɓarar gyaɗa. Kullum in zai kashe sai ya ce, "A gaishe da Adda." In na kai mata gaisuwar ta ce, "Ina amsawa," ba ta ɗago kai ba.

Wata Juma'a bayan girbi, lokacin da gyaɗa ta cika gari aiki ya yi wa Inna yawa, na makara. Na shiga ɗakin Gwaggo a gurguje, na kira, ya ɗauka, na danna sunan talabijin ban duba da kyau ba. Mu biyu ne kawai a ɗakin ranar, kowa yana gona wajen roron gyaɗa. Talabijin ɗin Gwaggo ya ƙi nuna komai. A kwamfuta ga Yaya Hashimu bakinsa yana motsi, amma ba murya. Na kashe talabijin na kunna, na jijjiga waya, na zagi Kamilu da na'urarsa. Shi kuma daga can, da ya ga ba ma amsawa, sai ya ɗauka hoton ne ya tsaya, ya shiga ɗaga hannu yana kaɗawa yana dariya. Na fi minti biyar ina fama.

Gwaggo ce ta ce, "Ke, yi shiru. Kamar muryarsa nake ji ta bayan katanga."

Na kasa kunne. Muryar Yaya Hashimu ce, tana fitowa daga gidanmu. Bakwai na danna, ba huɗu ba.

Danna wuri ɗaya a kwamfutar ya isa ya gyara komai, amma hankalina ya tashi, ban ma tuna ba. Na fita a guje ba takalmi, na zagaya ta zaure, na faɗa ɗakin Inna ba sallama.

Tana tsaye a tsakiyar ɗaki, dab da talabijin. Zanin aikin nan ne a jikinta, ɗankwalinta ya zame, hannuwanta duk maiƙo. Fuskar ɗanta ta cika bango yana kaɗa hannu. Ita ma hannunta na dama yana sama, bai kai kafaɗa ba, kamar wadda za ta kori ƙuda ta fasa. Tana jin motsina ta sauke shi, ta juya ta fuskanci jeren kwanoninta ta shiga gyara murfin da ba abin da ya same shi.

"Zo ki kashe wannan abin," in ji ta. "Ya cika mini kunne."

Na ɗauki rimot na kashe. Kunya ta kama ni kamar ni na shiga mata banɗaki. Na ce ta yi haƙuri, na koma na ƙarasa kiran a gidan Gwaggo. Ban faɗa wa Yaya Hashimu abin da ya faru ba, don ina ganin tonon asirin Inna ne.

Ranar Lahadi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, mu biyu, sai ta ce, idonta a kan faifai, "Abin nan na ran Juma'a. Shi kaɗai yake yin haka?"

Na ce, "A'a Inna, laifina ne, hannuna ne ya kuskure. Amma ki kwantar da hankalinki, ba zai sake faruwa ba."

Ta ɓare gyaɗa uku ko huɗu. Sannan ta ce, "To."

Ga inda nake jin haushin kaina, kuma zan ji shi har in mutu. Ni ce mai ilimi a gidan. Ni ce kullum nake tsaki a kan wannan al'ada, ina cewa zalunci ce. Amma da aka zo wurin, ni na fi kowa kare ta. A ranar na ɗauki rimot na shiga ɗakinta tana wanka, na cire talabijin ɗinta daga kan wayifai, na goge lambar sirrin, don kada hannuna ya sake kuskurewa in ba mahaifiyata kunya. Daga ranar, suna ɗaya ne ke fitowa a kwamfutata, mai huɗu a ƙarshe. Har wani daɗi na ji, wai na yi abin da 'yar kirki take yi. Ban gaya wa Inna na cire ba. Me zan gaya mata, ita da ba ta san mene ne wayifai ba?

Juma'ar da ta biyo baya Inna ta ɗage suya. Ba ta taɓa yin haka ba, ga shi kuwa lokacin gyaɗa. Bayan azahar ta yi wanka, ta buɗe adaka ta ciro wata atamfa mai ruwan goro da Yaya Hashimu ya aiko mata shekara uku da suka wuce, wadda ko ɗinkawa ba ta yarda an yi ba sai da Gwaggo ta yi mata faɗa. Ta ɗaura, ta zizara kwalli, ta shafa turare.

Na ce, "Inna, biki za ki ba ki gayyace mu ba?"

Ta ce, "Juma'a ce. Ko an hana?"

Na yi dariya, na ɗauki kwamfutata na zagaya gidan Gwaggo.

Haka ta riƙa yi duk Juma'a. Wanka, atamfa, kwalli, ta shiga ɗaki ta saki labule. Wani lokaci in na dawo sai in tarar da talabijin ɗinta a kunne, ba wa'azi, ba komai, shuɗin allo kawai, tana zaune a bakin gado a gabansa da carbi. Na ɗauka ta danna wani wuri ne ta kasa komawa tasharta. Sau biyu ina gyara mata. Na uku har faɗa na yi, na ce tana cinye batir a banza, in dare ya yi mu rasa fitila. Ta kalle ni ta ce, "Bar mini shi haka." Na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa ta. Matan unguwa kuma suka samu sabon abin yabo: ku dubi Asama'u, ana can ana kallon ɗanta, ita tana ɗaki tana jan carbi.

Sau ɗaya Yaya Hashimu ya tambaye ni, bayan kowa ya watse, "Akwatin ɗakin Adda yana aiki kuwa?"

Na ce, "Ƙalau yake, tana kallon wa'azinta."

Ya ce, "Madalla." Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, sai ya fasa. Shi ma ɗan garin nan ne, a hannun irin wannan kunyar ya tashi.

Wata goma sha huɗu aka yi a haka. A watannin ƙarshe ya fara ramewa da gaske, wannan karon Gwaggo ba ta yi ƙarya ba. Ƙafafunsa suka kumbura. Ya ce gajiyar zaman keken ɗinki ce. Na gaya wa Inna ba shi da lafiya, na ce ko za ta zo ta yi masa sannu, ko daga bakin ƙofa ne. Ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta tashi ta shiga ɗaki. A makon nan ta aika aka yi saukar Alƙur'ani a makarantar Liman, ta ce wa mai kai saƙon a ce Gwaggo ce ta sa.

Wata Talata da hantsi ina aji, wayata ta yi ƙara. Ja'afaru ne, wani ɗan Ungogo da suke ɗaki ɗaya da Yaya Hashimu a Jidda. Ya ce ciwon ƙoda ne, an kai shi asibiti da asuba, bai kai hantsi ba. A can aka yi masa sutura.

Gwaggo ta faɗi tana birgima. A gidanta aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ita ake fara yi wa gaisuwa, ita ake riƙewa. Mahaifiyarsa kuwa tana madafa tana dama kunu wa baƙi. In an ce mata, "Asama'u, ya haƙuri?" ta ce, "Haƙuri sai Gwaggo." Ko ɗigon hawaye ba wanda ya gani. Ina jin mata suna raɗa a bayana, wai irin su Asama'u sun ƙare, wai shi kuma ya yi sa'a an binne shi a ƙasa mai tsarki. Na so in ɗauki tukunyar kunun in kife musu. Shekara talatin da takwas mace tana da ɗa a bayan katanga da bayan teku, ba ta taɓa kiran sunansa ba, su kuma abin da suka gani a ciki ke nan, abin sha'awa.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, baƙi suka ɗauke ƙafa. Juma'ar da ta biyo bayan arba'in ita ce ta farko da la'asar ta same ni a gida ba inda zan kai kwamfuta. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina duba littattafan 'yan aji, sai na ga Inna ta fito daga wanka. Ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka. Can sai ƙanshin turaren nan ya fito.

Na tashi na ɗaga labulen.

Tana zaune a bakin gado, da atamfa mai ruwan goro, da kwalli. Talabijin yana kunne, shuɗin allo. Ta matso da gadon ma, ban taɓa lura ba, ya dawo daidai inda na same ta tsaye ran nan. Sai a lokacin kaina ya yi aiki. Wata goma sha huɗu, Juma'a kusan sittin, tana yin kwalliya tana zama tana jiran hannuna ya sake kuskurewa. Ni kuwa na riga na toshe hanyar da kaina.

Na zauna a ƙasa.

"Inna, me kike jira?"

"Ba komai," in ji ta. "Na saba ne."

Ana jin yara suna wasa a gidan maƙwabta, wani yana daka a can gaba. Ta ja carbi ɗaya, biyu, sannan ta tsaya. Ba ta kalle ni ba, allon take kallo.

"Ummu, in tambaye ki. Ran nan da ya fito a nan. Ya gan ni?"

Kwamfutar tana gidan Gwaggo ranar, a kan kujera. Abin da ya gani shi ne gadon Gwaggo, da Gwaggo, da bayana ina fama da waya. Hannun da yake kaɗawa, mu yake kaɗa wa, don ya ga ko hoto ya tsaya. Ya rasu bai san mahaifiyarsa ta taɓa tsayawa gaban fuskarsa ba, don ni ban gaya masa ba.

Na ce, "Ya gan ki, Inna."

"Na ɗaga masa hannu."

"Ya gani."

Ƙarya na yi mata, ina sane, ranar Juma'a, kuma har yau ina neman gafarar Allah a kanta, amma da za a maimaita, ita zan sake yi.

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta shafa atamfar a kan gwiwarta, ta miƙar da wata 'yar lanƙwasa.

"Kash," in ji ta. "Da zanin suya ya gan ni. Shekara da shekaru bai gan ni ba, sai ya gan ni kamar mahaukaciya, kai ba ɗankwali. Na so a ce ya ga kayan da ya aiko a jikina ko sau ɗaya ne."

Nan kuka ya ƙwace mini. Ita ba ta yi ba. Na ce mata akwai hotunansa masu motsi da yawa a kwamfutata, waɗanda ya riƙa aikowa, yana magana yana dariya. Na ce yanzun nan zan karɓo lambar sirri wajen Kamilu in mayar da talabijin ɗinta kan layi, ta kalla har ta gaji, ba wanda zai shigo, ni ma zan fita in ja mata ƙofa.

Ta ce, "Waɗannan ɗin, yana ganin mutum?"

"A'a, Inna."

"To bar su."

Ta miƙa hannu ta ɗauki rimot, ta kashe da kanta. Ta tashi ta kwance atamfar, ta ninke ta gida huɗu ta mayar adaka, ta ɗauro zanin aikinta. Ta ɗauko wani tsohon mayafi ta lulluɓe talabijin ɗin, ta soke gefe da gefe don kada ya zame.

Washegari ta hura wuta ta ɗora kasko. Ƙulin da ya fara fitowa ta zuba a kwano ta rufe, ta nufi katanga. Ta kai rabin tsakar gida ta tsaya. Ta daɗe a tsaye da kwanon a hannu, sannan ta juyo ta miƙo mini.

"Ungo," in ji ta. "Gwaggo ba ta da haƙori."